Alƙali Wright Na Karolina Ta Kudu

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwana ma'aikata labarin Jonathan Jasper Wright, baƙin mutum na farko da ya zama alƙali a Kotun Ƙoli ta wata jiha a Amurka.

An haife shi a Fensilbaniya cikin 1840. Da aka gama yaƙin basasa cikin 1865, wata ƙungiyar mishan ta aike shi garin Beaufort a Karolina ta Kudu, ya koya wa bayin da aka 'yanta karatu. Ni da na yi karatu a hannun mishan, wannan ne ya fara jawo hankalina gare shi. Ya zama lauya cikin 1866, sa'an nan cikin 1870 majalisar jihar ta naɗa shi alƙali, bai ko cika shekara 30 ba.

Abin da ya kā da shi rigimar zaɓen 1876 ce. Mutum biyu, Chamberlain da Hampton, kowa ya ce shi ne Gwamna. Hampton, wanda jama'arsa su ke so su raba baƙaƙe da mulki, ya yafe wa wata fursuna, Tilda Norris. Maganar ta zo kotu. In alƙalai sun ce a sake ta, to sun yarda Hampton ne Gwamna ke nan. Babban alƙali kuwa yana kwance ba lafiya, saura biyu. Wright ya sa hannu a sake ta, bayan 'yan kwanaki ya ce ya janye.

Waɗansu sun ce raunin zuciya ne. Ni dai ban ga haka ba. Mutum ne da doka ke jansa nan, makomar danginsa na jansa can, ga masu bindiga cike da gari. Wa zai ce hannunsa ba zai yi rawa ba?

Da Hampton ya kama mulki, sai majalisa ta tuhumi Wright da shan giya, ya ga ba mafita, ya ajiye aiki cikin 1877. Ya koma koyar da shari'a, har tarin fuka ya kashe shi a Charleston cikin 1885. Ba a sāke naɗa baƙin mutum a kotun nan ba sai 1985, watau Ernest Finney.

Haza wasalam.

Naka,
Wani Akawu.