YINI GUDA A BIRNIN ALƘAHIRA: ABIN DA SARAKUNA SUKA BARI A BAYA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi, kuma gani ya kori ji. Birnin Alƙahira, hedkwatar ƙasar Masar, yana cikin biranen da kowane almajiri a ƙasar Hausa ya san sunansu tun yana zauren malam, domin da yawa daga littattafan da muke karantawa can aka wallafa su. Birni ne mai mutane fiye da miliyan 20 idan aka haɗa da kewayensa, saboda haka wanda ya ce zai gama shi a yini guda ya yaudari kansa. Mu dai tsohon gari muka nufa, tun daga hantsi har faɗuwar rana, ga kuwa abin da muka gani.

Mun fara da Fusɗaɗ, a kudancin birnin, inda Sahabi Amru ɗan Asi, Allah Ya yarda da shi, ya kafa sansani bayan ya ci ƙasar Masar a zamanin Halifa Umaru. Nan ya gina masallaci wajen shekarar 641, shi ne na farko a duk ƙasar. An yi ta rushe shi ana faɗaɗawa har babu abin da ya saura na ginin asali sai gurbinsa, amma har yau ana salla a ciki. A wannan unguwa ce mutanen Kanem suka gina wata makaranta ta Malikiyya wajen tsakiyar ƙarni na 13, wadda ake kira makarantar Ibnu Rashiƙ, domin ɗalibansu da alhazansu su sami masauki. Watau tun shekaru kusan 800 da suka wuce mutanen yankinmu suke kashe dukiyarsu a Masar saboda ilmi.

Daga nan muka biya ta babbar maƙabartar da ake kira Ƙarafa, muka ziyarci kabarin Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a shekarar 820, aka gina masa ƙubba a 1211. A wannan maƙabarta ce kuma Ibnul Ƙasim, almajirin Imamu Malik, yake kwance, haka nan Shehu Jalaluddini Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505. Duk wanda ya taɓa zama wurin tafsirin watan azumi a Kano ko Sakkwato ko Damagaram ya ji Jalalaini, to, Suyuɗi ɗaya ne daga malamai biyu da suka rubuta shi. Ya kuma taɓa aiko wa sarakunan ƙasashenmu, har da na Katsina da na Agadas, wasiƙar nasiha a kan adalci.

MASALLACI YA TSAYA, FADA TA ƁACE

Da rana ta fara ɗagawa sai muka isa masallacin Ahmadu ɗan Ɗuluna, wanda aka gama a shekarar 879. Da jan bulo aka gina shi, tsakar gidansa fili ne fetal, hasumiyarsa kuwa matakalarta ta waje take, tana nannaɗe da ita kamar rawani. Mutum yana shiga sai hayaniyar motoci ta ɗauke masa ɗif, kamar ba cikin birni yake ba. Shi Ahmadu ba masallaci kaɗai ya gina ba, gari guda ya kafa, da fada da filin sukuwa. A shekarar 905 rundunar Abbasiyawa ta zo ta baje garin duka, ba ta bar kome ba sai ɗakin Allah. Daga baya masallacin ya zama kufai, har wani bafade mai suna Lajin ya ɓuya a ciki lokacin da ake nemansa za a kashe, ya yi alwashi in Allah Ya tserar da shi zai gyara wurin. Da ya zama sarki a 1296 sai ya cika alkawari. Ƙubbar da ke tsakiyar fili aikinsa ce.

Gaba kaɗan, a gindin tudun da Salahuddini Ayyubi ya fara gina ganuwarsa a 1176, ga masallaci da makarantar Sarki Hasan. An soma ginin a 1356, kuma duk wanda ya tsaya a ƙofarsa sai ya dafe hula kafin ya ga ƙarshen bangon. A ciki akwai manyan rumfuna huɗu, da makarantu huɗu, ɗaya ga kowace mazhaba: Malikiyya da Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya, kowa da malaminsa da ɗakunan ɗalibansa, amma alƙibla ɗaya. Wannan kaɗai ya isa wa'azi ga masu raba sahu saboda saɓanin da bai kai ya kawo ba.

Sai dai tarihin ginin yana da ɗaci. Masana tarihi sun ce wani kaso na kuɗin aikin ya fito ne daga dukiyar mutanen da annoba ta kashe ba su bar magada ba. A shekarar 1361 wata hasumiya ta rufto ta hallaka mutane masu yawa, ba a daɗe ba kuma wani babban bafadensa ya yi wa sarkin tawaye, aka kashe shi. Ga ƙubbar da ya tanada domin kabarinsa nan, an ƙawata ta iyakar ƙawa, amma ba a taɓa samun gawarsa ba balle a sa shi ciki. Mai mulki da mai dukiya, kowa ya yi tunani a kan wannan.

AZHAR DA MUTANENMU

Sallar azahar a masallacin Azhar muka yi ta. Jauhar, sarkin yaƙin Faɗimiyawa, shi ya kafa birnin Alƙahira a 969, aka fara ginin masallacin a 970, aka buɗe shi cikin watan azumi a 972. Bayan Salahuddini ya kawar da daular Faɗimiyawa a 1171 sai aka daina Jumma'a a nan har kusan shekara 100, sai a zamanin Sarki Baibaras aka mayar da ita. Tun daga nan Azhar ta yi ta bunƙasa har ta zama uwar makarantun Ahlus Sunna. A shekarar 1961 aka yi dokar da ta shigo da aikin likita da injiniya da noma cikin karatunta.

A tsarin da, malami yakan jingina da ginshiƙi ne ɗalibai su kewaye shi, kamar dai yadda ake yi a zaurukanmu. Kowace ƙasa kuma tana da sashenta da ake kira ruwaƙi, inda ɗalibanta ke kwana, ana raba musu gurasa kullum daga dukiyar waƙafi. Mutanen Barno suna da nasu ruwaƙin. A wannan birni ne Shehu Halilu, mai Muhtasar ɗin da alƙalanmu suka dogara da shi, ya yi zamansa a ƙarni na 14. A nan ne kuma malamin nan Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, masanin lissafi da taurari, ya zauna bayan ya sauke farali, har ya rasu a 1741 a gidan Shehu Hasan Jabarti. Har yanzu ɗaliban Nijeriya da Nijar suna nan da yawa, mun kuwa ji Hausa a harabar masallacin.

KASUWA DA WAƘAFI

Da la'asar sakaliya muka ƙetara zuwa kasuwar Hanul Halili, wadda asalinta masaukin fatake ne da aka gina a ƙarshen ƙarni na 14. Lunguna ne matsattsu, ga maƙeran tagulla, ga masu turare, ga masu carbi da darduma, kowa na kiran mai saye. Ciniki a nan sai da haƙuri, don kuɗin farko da za a faɗa maka ba shi ne na sallamawa ba. A zamanin da akwai ma'aikaci na musamman da ake kira muhtasibi, wanda ke zagaya kasuwa yana duba mudu da sikeli, yana hukunta mai algus.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne asibitin Sarki Ƙalawun, a kan titin Mu'izzu, wanda aka gina tsakanin 1284 da 1285. An yi masa waƙafin kantuna da gidaje, da kuɗin hayarsu ake biyan likitoci, a sayi magani, a ciyar da majiyyata, talaka da mai hali duk kyauta. Har yau akwai asibitin ido a harabar. A kan wannan titi kuma mutum zai ga gine-ginen da ake kira sabil, ƙasa wurin shan ruwa kyauta, sama makarantar allo ta marayu.

To, jama'a, a nan gizo ke saƙar. Waɗannan gine-gine ba tsayin bango kaɗai ya raya su ba. Mai ginin yakan rubuta takarda a gaban alƙali da shaidu, ya faɗi gona ko kantin da zai ɗauki nauyin wurin, da albashin liman da ladan da mai shara, da kuɗin gyara in bango ya tsage. Inda aka riƙe amanar takardar, wuri ya rayu. Inda masu kula suka cinye, ya zama kango, kuma mun ga irin waɗannan kangaye da dama a lungunan birnin, duk da cewa tun 1979 aka sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

A garuruwanmu attajiri yakan gina masallaci ko makaranta, a yi bikin buɗewa, amma ran da ya kwanta dama sai rufi ya fara yoyo, a rasa mai biyan malami. Ɗan kasuwan da ke da niyyar alheri ya ware shago ɗaya ko biyu, ya rubuta, ya sa shaidu. Ma'aikacin da aka damƙa wa irin wannan amana kuwa ya tuna akwai ranar da za a buɗe littafi. Allah Ya ba mu ikon barin abin da zai amfane mu bayan ranmu, amin.