Asabar da Lahadi a Korama, da labarin tuddan Italiya

Yau maganar ci na kawo, za ta faro daga nesa amma gida za ta sauka.

Akwai wani abokina da muka yi lise tare a Damagaram, yanzu yana arewacin Italiya, yankin Piyemonte, yana aikin tsinkar inabi a tuddan da ake kira Lange, kusa da garin Alba. Watan 9 da na 10 ne ganiyar aikinsu, daidai lokacin da muke yankan hatsi a nan. Yakan turo mini saƙon murya, kuma zancen da ya fi maimaitawa shi ne na ƙarshen sati. Da yammacin Juma'a motoci ke shigowa daga Turin da Milan, har daga Suwis da Jamus. Masu hali su sauka gidan manomi, su kwana biyu, su ci taliyar da uwar gida ta murza da hannunta, su ci cukun ƙauyen, su zaga gona, ran Lahadi su cika bayan mota da tsaraba su biya su tafi. Abin har doka gare shi tun 1985, wadda ta ba manomi damar saukar da baƙi ya ciyar da su daga amfanin gonarsa.

Babban abin da ke jan mutane can giyar inabi ce. Wannan kam ba tamu ba ce, addini ya raba mu da ita, ba kuma zan yi mata talla ba. Dabarar ce ta tsaya mini a rai. Barolo ƙauye ne da bai kai mutum 1,000 ba, amma sunansa na kan kwalba a manyan biranen duniya, kuma doka ta hana wanda bai noma inabinsa a wannan ƙasar ba ya liƙa sunan. A Alba akwai wani irin naman kaza fari da ke girma cikin ƙasa, karnuka ke shinshino shi, da giram ake auna shi kamar zinariya, kuma kowace kaka ana yi masa kasuwar baje koli. Nutella ɗin nan da kuke gani a butikin Yamai, kamfaninta ɗan Alba ne. A garin Bra da ke maƙwabtaka ne Karlo Petrini ya tayar da ƙungiyar Slow Food a shekarun 1980, don kare girkin gida daga abincin gaggawa. A 2014 UNESCO ta sa tuddan cikin kayan gadon duniya. Alhali kakannin mutanen nan talakawa ne futuk, da yawansu gudun yunwa suka yi zuwa birane da ƙasashen waje.

To mu dawo gida. A ce ka baro Damagaram da safiyar Asabar cikin sanyin watan 12, ka biyo hanyar Magarya, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba. Ka wuce Dogo, ka iso Bande, rake ya tare ka a bakin hanya, dami-dami, daga fadamun Korama. Ka tsaya ka sha. Da hantsi fura, ta sabon hatsi, da kindirmon da aka kawo daga ruga da safen nan, a dama a ƙwarya da ludayi, ba a roba ba. Da rana kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa. Da dare tuwon hatsi da miyar yakuwa, an sa daddawar batso, ga man shanu, ga zabon da aka kamo bayan ɗaki. Wanda ya san daddawar batso ya san abin da nake nufi: warinta kan kori baƙo daga madafa, ɗanɗanonta ya dawo da shi. Washegari ka miƙa Dungas ko Waca, ka karya da waina ko ɗanwake, ka sayi kantun riɗi da mazarƙwaila da soyayyar fara. Abin sha kuwa ga sobo, ga kunun tsamiya, ga na kanwa. Sunan Magarya kansa sunan itaciya ne mai 'ya'yan da muka tsotsa muna yara. Ku gaya mini, me aka rasa a wannan kwana biyun?

Suna aka rasa. Riɗinmu ana auna shi a tiya, a ɗura a buhu, ya tsallaka iyaka ta Maigatari ko Babura, daga nan ya zama riɗin Najeriya. Raken Bande in ya kai tashar Yamai ya zama rake kawai. Sobo haka, gyaɗa haka. Manomi ya sayar da kaka lokacin da kaya ba su da daraja, da bazara ya sayi hatsi da tsada. An yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajista a hukumar OAPI don kare sunansu, madalla. Ke nan hanyar akwai ta, saura mu.

Akwai kuma kunya, wadda ta fi damuna. Ɗan gari ya zama ma'aikaci a birni, ba ya zuwa sai biki ko rasuwa. Ran da ya zo, innarsa za ta ɓoye tuwo, a aika yaro butiki ya ciwo bashin shinkafar waje da makaroni da dunƙulen magi, don kar a ce an raina baƙo. Abin dariya, makaronin nan abincin Italiyawa ne, su kuma can suna biyan kuɗi masu kauri don su guje wa na leda su ci na hannu. A shirina na rediyo in na tambayi masu kira me suka ci jiya, wanda ya ci shinkafa da ƙarfi yake faɗa, wanda ya ci dambu sai ya yi 'yar dariya tukuna. Mu da muka yi lakwal muna da hannu a ciki, mun san sunan cukun Faransa iri-iri daga littafi, ba a taɓa ce mu rubuta yadda ake daddawa ba.

Na san wani zai ce: kai malam, a Magarya kake zancen shagalin ci? Gaskiyarsa. A 2005 ƙungiyar likitocin MSF ta fara aiki a nan, kuma duk damina, lokacin da yunwa da zazzaɓin cizon sauro suka haɗu, sashen yara na asibitin Magarya cika yake yi. In kafofin waje suka ambaci garinmu, galibi da tamowa suke haɗa shi. Ban manta ba, unguwarmu ce. Amma ku duba abin da ake ba yaron da ya rame: ɗan ƙunshin nan na leda, gyaɗa ce aka niƙa da madara da sukari da mai. Su kuma ma'aikatan lafiya abin da suke koya wa uwaye shi ne kunun hatsi da ƙuli-ƙuli da wake da zogale. Abincin da muke ɓoye wa baƙo shi ne dai ake roƙonmu mu ba yaranmu. Kuma jakar da ta shiga hannun mai fura a ƙauye ta fi saurin isa cikin yaro a kan wadda aka kashe a gidan cin abinci na birni.

Ba Turawa nake jira ba, halin da ake ciki ba zai kawo su ba, ba ma su ne kasuwar ba. 'Ya'yan Magarya da Dungas da ke Damagaram da Yamai da Kano sun isa. Inda gizo ke saƙa shi ne biya. A wurinmu baƙo ba ya biyan tuwo, wanda ya miƙa wa gwaggonsa kuɗin abinci ya zage ta. Shi ya sa nake ganin ta hannun ƙungiyoyin mata abin zai bi, irin masu asusun adashi da ke kusan kowane gari: a sanar da su tun sati guda, a faɗi yawan mutane, a yanke farashi a fili, su yi girki a matsayin sana'a. A tanadi ruwa mai tsabta da makewayi da tabarmi a inuwar gawo. Masauki ba matsala ba ne, kowa na da ɗakin kakarsa.

Mu shida muka yi magana, abokan aiki da tsoffin 'yan ajinmu, za mu gwada a Bande in rake ya nuna. Sharaɗi biyu muka sa: ba mai shigowa da kwalin taliya, kuma ba mai neman ragi wajen mai fura.