Tsohon Jirgi da Ma'aunin Ɗan Gwangwan

Da Bahaushe ya ga jirgin da ke sauka a tsaye, ba tare da ya nemi dogon fili ba, sai ya tuna da ungulu, wadda kan yi shawagi a sama sannan ta dira inda ta ga dama. Daga nan aka sami "jirgi mai saukar ungulu", sunan da ya zauna daram har a gidajen rediyo, ko da yake akan ji "helikwafta" ma. Mun kalli wannan na'ura da idonmu, mun raɗa mata suna da harshenmu. Abin da bai shiga al'adarmu ba tukuna shi ne adana ta idan ta tsufa.

Ina zaune ne a Briqueterie, unguwar Hausawa ta Yawunde, wadda ta ci sunan masana'antar bulo da aka kafa a zamanin Jamusawa. Baƙon da ya shigo a yau tsire da kilishi da ɗinkin teloli yake nema. Masana'antar kuwa a bakin mutane kawai ta rage. Haka muke yi da kayan ƙarfe. Mota ko keken ɗinki, za a mora har ƙarfinsa ya ƙare, makanikai su kwashe abin da ke da sauran amfani, ragowar ta tafi wurin ɗan gwangwan, ya ɗora a ma'auni ya biya kuɗin kilo. Alminiyom ɗin a narka shi, ya dawo kasuwa a matsayin tukunya. Ba na ganin laifin kowa a nan, domin tattali ne na mutanen da ba su da abin zubarwa. Sai dai ma'auni nauyi kaɗai ya sani, ba ruwansa da wanda ya ƙera abu ko dalilin ƙera shi.

A wata tafiyar aiki zuwa Ingila na ware yini guda na je garin Weston-super-Mare, a bakin teku, inda akwai gidan tarihi na jirage masu saukar ungulu zalla. An buɗe shi a hukumance a 1989, kuma yana ɗauke da jirage fiye da 80 daga ƙasashe daban-daban. Wanda masu ziyara suka fi tsayawa a gabansa shi ne wani samfurin Lynx na kamfanin Westland, wanda a ranar 11 ga Agusta 1986 ya yi gudun kilomita 400.87 a awa, bajintar da har yau ba a shafe ta ba a hukumance.

Ni kuwa abin da ya fi riƙe ni wasu guntaye ne a gefe guda, ragowar jirgin Rotodyne na kamfanin Fairey. Ya fara tashi a 1957, yana ɗagawa a tsaye, sannan ya miƙa gaba kamar jirgin fasinja. Ƙararsa ta yi yawa, kuɗi kuma suka yanke, aka soke aikin a 1962. Guda ɗaya tak aka ƙera, shi ma aka sassare shi. Da ɓangaren gangar jiki da kan farfelar da aka tsirar, da su ake bai wa yara labarinsa a yau. Ashe Turawan ma sun kai dukiyarsu ga ɗan gwangwan. Bambancin kawai, an sami waɗanda suka ce a dakata, a bar musu ko da guntu.

Na kuma ga masu aikin sa kai, akasarinsu dattawa, suna kankare tsatsa suna shafa fenti. A nan na fahimci cewa adana jirgi ba ya ƙarewa da tura shi cikin rumfa. Damshi na cin ƙarfe, roba na bushewa ta tsattsage, farfela na lalacewa idan aka bar ta a rana da ruwa. Ga kuma takardun jirgin: ranar da aka ƙera shi, awannin da ya yi a sama, waɗanda suka tuƙa shi. In babu su, mai ziyara tulin ƙarfe kawai zai gani.

Mai karatu zai iya cewa, mu da ba mu ƙera jirgi ba, me za mu adana? A 2007 kafofin labarai na duniya sun ɗauki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, mai shekara 24, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu daga tarkace cikin wata takwas. Injin tsohuwar mota Honda Civic ya sa masa, kujerun guda huɗu kuma daga wata Toyota. Jirgin ya ɗaga, amma bai wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba. Wani zai raina ƙafa bakwai, alhali jiragen farko da aka gwada a Faransa a 1907 ba su kai haka ba, kuma har yau ana karanta sunayen masu su a littattafai. Irin wannan jirgi ya cancanci rufi da allon bayani, a harabar jami'a ko a gidan tarihi irin Gidan Makama, domin yaron da ya tsaya gabansa ya san cewa ɗan garinsu ne ya yi shi.

Yanayi ma yana bayanmu. Amurka na ajiye dubban tsofaffin jiragenta a hamadar Arizona, kusa da Tucson, saboda busasshiyar iska ba ta saurin kawo tsatsa. Yawunde mai damina biyu a shekara ba ta da wannan gata, amma Kano da Katsina da Maraɗi suna da kaso mai kyau nasa. Gwanayen walda da fenti kuwa, kowace unguwarmu na da su.

Akan ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma Bahaushen da ya faɗi haka shi ne ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Ba sai mun jira gwamnati ta gina katafaren gini ba. Ɗalibin da ke da waya da littafin rubutu zai iya zama da tsohon makaniki, ko sojan sama da ya yi ritaya, ya ɗauki hoton abin da ya rage a hannunsu, ya rubuta shekara da wuri da sunan kowane sashe yadda suke kiransa da Hausa. Duk ƙarfen da aka san labarinsa, mai shi kan yi tunani sau biyu kafin ya ɗora shi a ma'auni.