A Kan Wa Nauyin Zai Sauka?

Muhawarar tsararrakina a kan labaran duniya ta fi kama da ta magoya bayan ƙwallo: wannan na Rasha, wancan na Amurka. Ni kuwa tambaya ɗaya nake yi wa kowane labari: a kan wa nauyinsa zai sauka?

Yaƙin da Rasha ta ƙaddamar a kan Yukiren ranar 24 ga Fabrairu, 2022 ne ya koya mini ita. A lokacin, ƙasashen biyu ke fitar da fiye da rubu'in alkamar da ake cinikinta a kasuwar duniya. Da tashoshin jiragen ruwan Yukiren da ke Bahar Aswad suka tsaya cik, alkama ta yi tsada. Najeriya kuwa daga waje take sayo mafi yawan alkamarta, don haka buhun fulawa ya tashi. Mahaifiyata, wadda da cinikin fanke ta biya mini kuɗin jami'a, sai da ta rage kwaɓi.

Ba ta san sunan ko gari ɗaya a Yukiren ba, amma ta biya nata kason. Irinta nake fara nema a cikin labari, kafin in saurari jawabin shugabanni.