Taura Uku a Baki Ɗaya

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. To, akwai wani wasan motsa jiki da aka gina shi kacokan a kan tauna uku a lokaci guda, shi ne wanda ake kira tirayatulon. Ɗan wasa zai faɗa ruwa ya yi iyo, da fitowarsa ya haye keke, da saukarsa kuma ya zura da gudu, ba tare da an tsayar masa da agogo ba, ko da kuwa na ɗaura takalmi ne. An fara shi a siffarsa ta yanzu a birnin San Diyego na Amurka a 1974, ya kuma shiga wasannin Olamfik a Sidni a shekarar 2000, inda ake iyon kilomita 1.5, da tseren keke na kilomita 40, da gudun kilomita 10. Akwai kuma dogon zango mai suna Ironman, wanda aka ƙago a Hawai a 1978: iyon kilomita 3.8, keken kilomita 180, sannan gudun kilomita 42.2. Mutum 15 ne suka shiga wannan gasa ta farko, 12 suka kai ƙarshe.

Mu dai ba ƙwararru ba ne, 'yan sha'awa ne kawai. Aikin ofis muke yi a Legas, muna da iyali, kuma babu mai biyan mu ko sisin kwabo don mun yi iyo. Hasali ma mu ne muke biya: kuɗin shiga wurin iyo, tayoyin keke, takalman gudu da suke ƙarewa bayan 'yan watanni, da kuɗin rajista. Da muka fara gaya wa mahaifiyarmu ta waya abin da muke yi da asubahinmu, sai ta yi shiru, can ta ce, "To, ɗan nan, wa ya biyo ka?" Har yau ba mu sami gamsasshiyar amsar da za mu ba ta ba.

Kakar wasanninmu ta 2019 mun tsara ta ne a kan takarda tun watan Disamba. Gasa uku a gida, irin waɗanda ƙungiyoyin 'yan sha'awa suke shiryawa a tsakaninsu, sannan babbar manufa, wato gasar rabin dogon zango a Afirka ta Kudu a watan Janairun 2020: iyon kilomita 1.9, keken kilomita 90, gudun kilomita 21.1. Mun biya kuɗin rajista tun da wuri, muka manna takardar a jikin ƙofar ɗaki.

Farkon shekarar ya yi armashi ƙwarai. A watan Fabrairu muka yi gajeren zango, a watan Afrilu muka yi zangon Olamfik, muka rage mintuna 11 daga abin da muka yi a shekarar da ta gabata. Wanda bai taɓa saukowa daga keke ya fara gudu nan take ba, ba zai gane yadda ƙafafu suke zama kamar na aro ba a kilomita ta farko, ko kuma daɗin da ake ji in sun dawo hannun mai su a kilomita ta uku. Azumi ya kama a farkon watan Mayu, muka sassauta, muna ɗan taka keke bayan sallar asham. Bayan Sallah, a watan Yuni, damina ta kankama, jadawali kuma ya koma yadda yake, awa 12 zuwa 14 a mako.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya mu bayyana wa mai karatu wata dabara da wannan wasa yake da ita, domin a ganinmu ita ce tushen labarin. Mai gudu zalla, in ƙafarsa ta yi tsami, dole ya zauna a gida. Mai iyo zalla, in kafaɗarsa ta riƙe, dole ya huta. Amma mai haɗa uku ba ya rasa mafaka. In ƙafa ta ƙi, sai ya tafi ruwa, ya ce yana hutar da ita. In kafaɗa ta ƙi, sai ya hau keke. Kowace gaɓa tana samun ranar hutunta, amma shi mutumin ɗungurungum ba ya samun ko ɗaya. Alhali kuwa jiki asusu ɗaya gare shi. Daga cikinsa ake cirar kuɗin iyo da na keke da na gudu, daga cikinsa kuma ake cirar na awa biyu a cunkoson motoci, da na fushin shugaban ofis, da na daren da yaro ya kwana da zazzaɓi. Ƙwararren ɗan wasa in ya gama atisayen safe sai ya ci abinci ya kwanta. Ɗan sha'awa kuwa wanka zai yi ya ɗaura agogo ya kama hanyar aiki. Jadawalin da yawancinmu muke bi an kwaikwayo shi ne daga na ƙwararru, an ɗauko aikin an baro barcin.

Wani abin kuma shi ne irin hoton da wasan yake tunƙaho da shi. A watan Fabrairun 1982, a Hawai, wata ɗaliba mai suna Julie Moss tana kan gaba a gasar mata, saura ɗan taƙi ta kai, sai ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa, Kathleen McCartney ta wuce ta, ita kuma ta ƙarasa da rarrafe. An nuna wannan a talabijin, kuma yana cikin abubuwan da suka sa duniya ta san wasan. Babu mai musun jarumtarta. Amma jama'ar da ta ɗauki mai rarrafe a matsayin tutarta, da wuya ta iya yaba wa wanda ya ce yau ya gaji zai kwana. A cikin ƙungiyarmu, in mutum ya ce jikinsa duk ciwo yake yi, murmushi ake yi masa irin na taya murna.

Gajiyar ba da sallama ta shigo ba. Abin da muka fara lura da shi shi ne bugun zuciya. Mun saba in mun farka mu same shi wajen 52 a minti, sai ya koma 60, ya ƙi sauka. Sai barci ya lalace: mu kwanta a gajiye liƙis, ƙarfe biyu na dare ido ya bushe. Mura ta kama mu sau biyu cikin wata ɗaya. Abinci ya fita daga ranmu. Muka zama masu saurin fushi, har yara suka koyi yin shiru in sun ji ƙarar keke a bakin ƙofa. Wata rana uwargida ta ajiye mana abinci, ta tsaya ta dube mu, ta ce, "Maigida, da can in ka dawo daga gudun nan da fara'a kake shigowa." Ba ta ƙara komai ba, ta koma kicin.

Mafi nauyi daga ciki shi ne abin da ba a iya aunawa da agogo. Sha'awar ce ta mutu. Ƙararrawar ƙarfe huɗu da rabi, wadda a da muke riga ta tashi, ta zama kamar mai bin bashi. Warin sinadarin ruwan iyo, wanda a da yake faranta mana rai, ya koma tayar mana da zuciya. Muna zuwa dai, ba mu fasa ko rana ɗaya ba, amma kamar ɗan makarantar da aka rako da bulala. Gasar watan Agusta mun gama ta, an rataya mana lambar yabo, muka jefa ta a bayan mota, ta yi mako uku a can.

A watan Satumba ne ƙwaurin ƙafarmu ta hagu ya fara magana. Da farko sai an yi nisa da gudu yake ciwo, daga baya tun daga takun farko, daga ƙarshe har a hawan bene. Wuri ɗaya ne tak, wanda kan yatsa zai iya rufewa. Hoton ƙashi na farko bai nuna komai ba, likita ya ce haka irin wannan yakan yi a makonnin farko, ya tura mu aka yi hoton maganaɗisu. Nan aka ga tsaga siririya kamar gashi.

Bayanin da likitan ya yi mana ya zauna mana a kai. Ya ce, "Malam, ƙashi abu ne mai rai, kullum cikin rushewa da gini yake." In an matsa masa da aiki, wasu ƙwayoyin halitta sukan fara kankare tsohon ƙashi, sannan wasu su biyo baya su cike gurbin da sabo. Kankarewar makonni take ɗauka, cikewar kuwa watanni. A tsakanin nan ƙashin ya fi kowane lokaci rauni. Gudu kuma, kowane taku yana sauke wa ƙafa nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku. Iyo da keke suna ƙarfafa zuciya da huhu matuƙa, amma ba sa dukan ƙashi, saboda haka ba sa horar da shi. Sai mutum ya wayi gari da numfashin da zai kai shi kilomita 20, a kan ƙashin da bai shirya wa 10 ba. Injin tirela ke nan a jikin a-kori-kura.

Ya yanke mana mako takwas ba gudu, makonnin farko da sandunan dogarawa. Wani dattijo maƙwabcinmu, da ya gan mu muna ɗingishi, ya ce, "Ɗana, bari in kai ka wurin mai ɗori." Muka yi masa godiya, muka ce masa babu abin da ya goce balle a ɗora, zama kawai ƙashin yake nema.

Ga abin da muka fi son mai karatu ya ji. Lokacin da likita ya nuna mana tsagar nan a jikin hoto, abin da ya fara zuwa zuciyarmu sauƙi ne, irin wanda ɗan dako yake ji in an sauke masa kaya. Baƙin cikin kuɗin rajista da na tikitin jirgi sai daga baya ya zo. Watanni uku muna ɗauke da wata gajiya da ba mu da sunan da za mu kira ta a gaban abokai, ga shi yanzu an ba mu hoto da takardar likita. Kowa ya yi mana jaje, babu wanda ya tambayi dalili. Da a ce ƙashin bai tsage ba, muka je muka ce zuciyarmu ce ta ƙosa, da an ce mu ƙara ƙoƙari, saura wata huɗu kacal. Mun sha tunanin mutum nawa ne a cikin masu tashin asubahin nan suke jiran irin wannan takarda ba tare da sun sani ba.

Ƙashi ya cika alkawari. A watan Disamba aka ba mu izinin gudun minti ɗaya, tafiyar minti huɗu, a maimaita sau shida, kwana ɗaya a tsallake ɗaya. Muka yi yadda aka ce, kamar mai shan magani. Ranar gasar Afirka ta Kudu ta zo ta wuce muna gida, muka kai yara gidan kawunsu, muka ci shinkafa da wake. Takardar jikin ƙofa uwargida ce ta cire ta ranar da take share yana, ba mu kuma tambaye ta inda ta kai ta ba.

Sha'awar kuwa ta fi ƙashin jinkiri nesa ba kusa ba. A ƙarshen watan Maris na 2020 aka hana fita a Legas saboda annobar korona, aka rufe wuraren iyo, gasanni a ko'ina suka tsaya. Babu kwanan watan da ake ƙirgawa, babu wanda zai tambaye mu awa nawa muka yi a mako. A mako na uku na zaman gidan, wata safiya bayan sallar asuba, muka ji ƙafafunmu suna son motsi. Muka sa takalmi muka shiga zagaya harabar gida, wadda ba ta fi taku 70 ba. Ƙaramin ɗanmu ya leƙo ta taga yana ƙirga mana zagaye da ƙarfi, ya kai 19 ya rikice, ya koma daga ɗaya.