Ƙasar gidan gado

A Waca, kamar sauran garuruwan kwarin Korama, idan ɗaki ya faɗi ba a zubar da ƙasarsa. Akan jira damana ta wuce, a farfasa ta, a jiƙa, a zuba ciyawa, a tattake, sa'an nan a sake buga birgi. Magina kan ce tsohuwar ƙasa ta fi sabuwa danƙo, manoma kuwa na son ta a gona. Da wannan lissafi ne wani ɗan kasuwa na garin, mai sayar da hatsi da kayan masarufi, ya kwana a daren da ruwan damanar 2024 ya kayar da rabin gidansu. Ba a yi hasarar rai ba, ya gode wa Allah. Azara na nan, ƙasa na nan, abin da ya rage kuɗin magini ne.

Damanar ba ta bar kowa ba. Hukumomin Nijar sun ƙidaya kusan mutum 400 da suka rasu a faɗin ƙasa, da fiye da miliyan ɗaya da rabi da ambaliya ta shafa. A farkon Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya ruguje a gaban idon jama'a. Komawa lakwal ma sai da aka ɗage ta zuwa 28 ga Oktoba, saboda a wurare da dama azuzuwa sun zama masaukin waɗanda suka rasa muhalli. An ƙidaya gidaje, an ƙidaya dabbobi da gonaki. Tsibin da kowane gida ya bari a bayansa shi ne bai shiga takardar kowa ba.

Kwana uku bayan rushewar, ƙanensa, ma'aikacin lafiya a Damagaram, ya zo jaje. Bayan gaisuwa ya zaga gidan bai ce uffan ba. Garun da ya faɗi ya haɗa abu uku wuri guda: ɗakin marigayi mahaifinsu, da ɗakin ajiyar kayan shago, da salga. Ramin salgar ya cika ya tumbatsa, ya bi tsakar gida. A ɗakin ajiya akwai buhunan takin zamani da suka narke, da kwalaben maganin ƙwari da masu lambu ke saye, wasu sun fashe, da kwalin pil, da tsohon batirin mota da ake kunna fitila da shi. A ƙarƙashin duka akwai akuya biyu, waɗanda hanci ya riga ido sanin inda suke.

"Yaya, wannan ƙasa ba ta sake zama ɗaki ba," in ji shi.

"Ƙasar da Baba ya tattaka da ƙafarsa? Kai dai boko ya sa ka ƙyamar gidanku."

Maganar ta yi zafi, amma kowanensu yana da hujja. Babban ya san abin da ƙaramin ya manta tun da ya koma cin albashi: kowace amalanken ƙasa daga kududdufi kuɗi ce, shago ya tafi da jari, sanyin hunturu kuma ba ya jiran mai gini. Ƙaramin ya san abin da ido ba ya gani. Waca garin fadama ne, albarkarsa ruwa a kusa: shi ke raya rake da rogo da lambunan rani, shi ya sa mutum kan haƙa rijiya ba tare da ya sha wuya ba. To, ruwan da ke kusa da guga yana kusa da salga. Ƙa'idar masana tsabta ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin ramin bayan gida da rijiya, gindin ramin kuma ya ɗara ruwan ƙasa da mita ɗaya da rabi. A shekarar da ƙasa ta ƙoshi har ta yi amai, wannan tazara ta ƙasa takan ɓace gaba ɗaya. Rijiyar gidan kuwa taku kaɗan ce daga tsibin.

Ya tuna masa da 2021, lokacin da cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 5,000 a Nijar, ta kashe fiye da 150, kuma jahohin Maraɗi da Damagaram, masu iyaka da Nijeriya, suna cikin waɗanda ta fara sauka. Mutanen Magarya da Dungas ba su bukatar a fassara masu ma'anar wannan ciwo. Amma abin da ya sa babban ya yi shiru shi ne labarin Zamfara. A 2010 an gano cewa gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma magani bai yi amfani ba sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka kwashe ta, aka zuba sabuwa. Batirin mota dalma ce da ruwan guba. Ƙwayar cuta rana da lokaci na kashe ta. Dalma kuwa ba ta ruɓewa, tana nan a daɓen da jariri ke rarrafe yana kai hannu baki.

Uwargidan ce ta raba gardama, daga bakin murhu, ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta ce ƙasar ɗakin Baba ai gabas ta faɗi, ba ta taɓa salga ba, a ware ta. Sauran kuma, wanda ke son ya kwana a cikinta ya kwana, ita da ƴaƴanta ba su shiga.

Aka yi tsibi uku. Ƙasar gabas aka tara ta gefe don birgi. Wadda salga ta jiƙa aka kwashe da felu, samari sun ɗaure hanci da ƙyalle, sun sa leda a hannu don babu safar roba a kasuwa ranar, aka kai ta kan jigawa nesa da rijiyoyi, aka rufe da yashi aka kewaye da ƙaya. Ƙanen ya ce a bar ta shekara biyu kafin ta ga gona, domin ƙwan tsutsar ciki yana daɗewa a ƙasa. Mushen akuyoyin aka binne da zurfi. Rijiya aka yashe, aka zuba mata ruwan jabel, aka koma sayen ruwan famfo na wani lokaci. Ledojin da ruwa ya tattaro, waɗanda dokar 2014 ta hana shigowa da su amma ba su ji labari ba, ƙanen ya hana a cinna masu wuta a tsakar gida saboda hayaƙinsu.

Tsibi na uku ne ya gagara. Fasassun kwalaben magani, da pil da suka kumbura, da ƙasar da ta sha su, ba su binnuwa kusa da ruwa, ba su ƙonuwa, kuma zuba su a kududdufi, kamar yadda maƙwabta da yawa suka yi da nasu, daidai yake da zuba su a kaskon shan dabbobi da wurin wankan yara. Batirin dai wani mai sayen tsohon ƙarfe ya ɗauka. Inda zai fasa shi, da wanda zai shaƙi ƙurarsa, wannan ba a tambaya ba. Ɗan kasuwar ya yi tambaya wurare biyu ko akwai inda ake karɓar irin wannan kaya. A wuri na farko aka rubuta sunansa cikin masu jiran hatsi da tabarma. A na biyu aka ce ya dawo.

Ƙanen ya koma bakin aikinsa ran Lahadi, bayan ya bar kuɗin amalanke shida na sabuwar ƙasa, wanda babban ya karɓa yana kallon wani wuri. Kafin sanyi ya kankama ɗakin Baba ya tashi, ya ɗan fi na da ƙanƙanta. Sauran kayan aka zuba a tsohuwar ganga, aka rufe bakinta da kwano, aka ɗora dutse. Tana bayan rumbu, an gargaɗi yara kada su je wurin.