Idan aka cinye ka, wa aka cinye?

Kimanin shekara biyu ke nan da na kamu da wata ɗabi'a da nake jin nauyin faɗa wa abokan aikina a jami'a. Da zarar na idar da sallar isha'i, sai in buɗe manhajar Lichess a wayata in shiga darar Turawa, wadda Larabawa ke kira shaɗaranji. Wasa ne mai gidaje 64, kowane ɓangare da 'ya'ya 16. Nakan zaɓi wasan gaggawa na minti 3, sannan in kunna tsarin da ke ɓoye 'ya'yan gaba ɗaya, ya bar mini allo fayau, sai abin da ƙwaƙwalwata ta riƙe. A haka kuma nake buɗe wasa da wani salo na kasada: tun a taku na biyu ka miƙa wa abokin karawa ɗaya daga ƙananan sojojin da ke kare sarkinka, domin ka samu hanyar kai farmaki da wuri. In farmakin ya yi kyau, ka yi nasara mai ƙayatarwa. In ya ci tura, ka bar gidanka a buɗe.

Salon yana da tarihi. Da shi Adolf Anderssen ya buɗe shahararren wasan nan na birnin Landan a 1851, inda ya sadaukar da manyan 'ya'yansa har da sarauniya, kuma ya yi nasara. Wasa ido rufe ma yana da gwanaye: a 2016 Timur Gareyev ya kara da mutum 48 a lokaci guda a Las Vegas ta Amurka, ya cinye 35. Da irin waɗannan labarai nake rarrashin kaina cewa motsa ƙwaƙwalwa nake yi, alhali an fi cinye ni fiye da yadda nake ci.

A Babbar Sallar da ta wuce na je gida Rurum, a ƙasar Rano. Da la'asar na tarar da kawuna a inuwa, inda dattawa ke dara tun ina yaro. Ya haura shekara tamanin, yanar ido ta kusa rufe masa gani. Darar tamu ramuka 30 ce a ƙasa, layi biyar na shida-shida, wannan da tsinke 12, wancan da tsakuwa 12. Wanda ya jera uku sai ya cire ɗan abokin karawarsa ɗaya. Kawu yakan shafa ramukan da yatsunsa, ya yi shiru har ka zaci gyangyaɗi yake, sannan ya ɗaga tsinke. Sau uku a jere ya cinye ni.

Don in rage kunya, sai na ba shi labarin wasana na waya, da yadda nake ɓoye 'ya'yan da gangan. Ya saurara har na gama, sannan ya ce: "To, Dokta, idan aka cinye ka, wa aka cinye? Kai, ko rufe idon?" Na yi dariya. Bai yi ba. Ya ce: "Ni da Allah zai mayar mini da idona yau, da shi zan yi wasa."

Daren nan ban runtsa da wuri ba. Na gane cewa gaggawa da rufe ido da kasada, ukun nan da na haɗa wa kaina, uzuri nake saye da su tun kafin a fara. In na ci, ni gwani ne. In aka cinye ni, ai ban gani ba, ai lokaci ne ya ƙure. Ban taɓa bari a gwada ainihin iyawata ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne halin bai tsaya a waya ba. Shekara bakwai ke nan ina cewa zan mayar da kundin digirina na uku littafi. Maƙala kuwa sai ranar rufe karɓa nake rubuta ta, don in aka yi watsi da ita in ɗora laifin a kan ƙarancin lokaci. Ga shi ni ne mai yi wa ɗalibai faɗa idan suka bar karatu sai daren jarrabawa, ban lura cewa tsoro ɗaya ke korar mu ba: kada mutum ya yi iya ƙoƙarinsa, sannan a ce bai isa ba.

Ba ina kushe kasada ba ne. Anderssen yana kallon allonsa sarai lokacin da ya ba da sarauniya, kuma ya san abin da zai karɓa a madadinta. Kasadar da aka yi da lissafi daban take da wadda aka yi don neman mafaka.

Da na koma Kano, na kashe tsarin ɓoye 'ya'yan, na koma wasan rabin awa. A makon farko wani ya cinye ni ido buɗe, ba tare da wani uzuri ba, kuma na ji zafin da ban taɓa ji ba. Washegari na ɗauki babi biyu na littafin na kai wa wani abokin aiki da aka sani ba ya sassauci a gyara. Har yanzu bai dawo mini da su ba, kuma duk lokacin da muka haɗu a harabar tsangaya, gabana sai ya faɗi.